Tumbin Maigidana da Hayaƙin Bakin Titi

Tun da na auri maigidana na san shi da tumbi, kuma ban taɓa ganin laifin tumbin ba. Tumbi ne mai ladabi. Yana riga mai shi shiga ɗaki, in an zauna kallon labarai kuma a kansa ake ɗora kofin shayi. Maigidan ma'aikaci ne a sakatariya a nan Dutse, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare, muna zaune a Limawa da yaranmu. Da mota yake zuwa ofis, da mota yake zuwa masallacin Juma'a. Ko wurin mai tsiren bakin layinmu zai je, sai ya tayar da tsohuwar motar nan tasa, ta yi tari, ta yi kaki, sannan ta yarda ta kai shi.

Wata shekara ana tsakiyar zafin bazara, ciwon kai ya matsa masa har ya yarda muka je asibiti. Likitar da ta duba shi mace ce, matashiya, da ƙyar in ta girmi ƙanwata. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce jininsa ya hau. Ta rubuta magani, sannan ta ce abu uku take so ya yi: ya rage gishiri, ya rage nama, ya riƙa tafiya da ƙafa kullum har ya yi gumi.

Muka kama hanyar gida. Muna shiga ya ce, "Na yi nazari. A cikin abubuwan nan da ta faɗa, na ukun ne mai muhimmanci."

Na ce, "Saboda shi kaɗai ne bai taɓa tukunya ba."

Ya ce, "Ke dai ba ki san kimiyya ba."

Kashegari ya dawo daga kasuwa da ƙatuwar leda. Wando mai santsi mai layi biyu a gefe, riga irin ta 'yan ƙwallo, kambas fari tas, da hular hana sallah. Da ya saka ya fito tsakar gida, ƙaramar 'yarmu ta ruga ta ɓuya a bayana. Ya ce ni ma in shirya, ai ba ramammiya ba ce ni. Na san ba lafiyata ce ta dame shi ba, shaida yake nema. Na ari kambas ɗin babbar 'yata, na zura hijabi, muka zama 'yan motsa jiki.

Maigidana ba ya yin abu a ɓoye. Ko azumin nafila ya ɗauka, kafin azahar duk ofishinsu an sani. Don haka da aka zo zaɓar hanya, babban titi ya zaɓa, inda abokan aikinsa za su wuce su gan shi, inda wataƙila ma daraktansu zai sauke gilashi ya ce masa sannu da ƙoƙari.

Mukan fita in ya dawo daga sallar asuba, gari ya ɗan waye. Abin da muke fara tararwa shi ne bolar ƙarshen layinmu. Da safe ake shara a unguwarmu, da safe kuma ake cinna mata wuta. Leda, robar ruwa, tsofaffin silifa, kunzugun jarirai, duk a wuta ɗaya. Hayaƙin safe kuma ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi a layin, daidai tsayin hancin mutum, kamar wanda ya kama haya. In mun keta shi, sai mu bi ta gefen wani gidan burodi mai janareta da ba ya hutawa. Gaba kaɗan, a bayan wani kango, akwai masu babbakar kai da ƙafa. Itace ya yi musu tsada, da tsofaffin tayoyi suke yi. Baƙin hayaƙi ne mai kauri, wanda in ya sauka a fatar mutum sai ka ji kamar an shafa maka maiƙo. Maigidan yakan ɗaga hanci ya ce, "Kai, ganda ta ji wuta."

Daga nan sai babban titi. Tifofi na shigowa da tsakuwa daga inda ake fasa dutse a bayan gari, adaidaita sahu na ta kai da kawo, motocin haya na Jahun da Garki suna tsaye a gefe suna jiran fasinja, injinansu a kunne. A nan maigidan yake baje kolinsa. Ya ɗaga hannuwa sama, ya buɗe baki, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika.

"Shaƙi iskar safe," yakan ce mini. "Kyauta ce, ba a saye."

Ni kuwa bakin hijabina nake kamawa in toshe hanci, yana yi mini dariya wai na cika tsirfa. Akwai wani ɗan tudu a hanyar inda tifa mai kaya take rage gudu tana nishi. In ya ga haka sai ya shiga bayanta yana sassarfa, wai tana ba shi ƙwarin gwiwa. Tana fesa masa baƙin hayaƙi a fuska, shi kuma yana waige ko ana kallonsa.

Kusa da shataletale muke juyowa, a wurin wani tsoho mai faci. Mutumin Garki ne, ya ce tun kafin a raba titin nan biyu yake zaune a ƙarƙashin tamfol ɗin nan da injinsa na ba da iska. Tun daga nesa ake jin tarinsa, tari ne da yake fitowa daga can ƙasa kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Kullum in ya hango mu sai ya goge benci da hannun rigarsa.

"Alhaji, yau ma an fito neman abin da ba a yar ba?"

"Baba, lafiya muke nema."

"To in kun same ta ku rago mini."

Maigidan ya zauna yana haki, su taɓa hirar siyasa, ni kuma Baba ya tambaye ni yara. Na saba da shi har in ba mu tsaya ba sai in ji kamar ban gaida wani nawa ba.

In mun dawo gida na fyace hanci, abin da yake fitowa baƙi ne. Farin hijabina kuwa ya koma kalar gindin tukunya. Na nuna wa maigidan, ya ce sabulun zamani ne ba shi da kyau.

Ba mu daɗe da farawa ba ya soma tari. Da fari ɗan gyaran murya ne, daga baya ya zama tari na sosai, mai sa shi dafa bango. Sai kuma wani fito da yake tashi a ƙirjinsa in ya ja numfashi, siriri, kamar an rufe kyanwa a akwati. Na ce mu koma asibiti.

Ya ce, "Ba ki gane ba. Kitse ne yake narkewa. Dole ya nemi hanyar fita."

Garin neman ƙiba akan samo rama, shi kuwa garin neman rama ya samo tari. Gidanmu ya koma kantin magani. Zuma da citta, kanumfari, tafarnuwa, man habbatus sauda. Yayansa, wanda yake da makarantar allo a can garinsu, ya aiko da rubutu a galan. Wani abokin aikinsa ya ce lemon tsami da kanwa, ya sha, ya wuni yana zirga-zirga tsakanin ɗaki da bayi. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa sanyi ne ya kama shi, ya hana kunna fanka, ya hana ruwan firij. Ana zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa, mu muna zaune a falo muna dahuwa saboda mutum ɗaya yana tari. Amma fita kam bai fasa ba ko rana ɗaya.

Ana haka mahaifiyarsa ta ji labari. Inna tana zaune a wani ƙauye kusa da Jahun, mace ce ƙarama, mai kaifin harshe, ba ta yarda ɗanta ya girma ba ko da ya yi furfura. Ta shigo motar haya ta iso da hantsi, da ƙullin daddawa da kuka, daidai lokacin da muka dawo daga titi. Ta tsaya a soro tana kallonsa tun daga hula har kambas.

Ta juyo wurina. "'Yar nan, wannan wane ne?"

Ya durƙusa. "Inna, ni ne. Sannu da hanya."

"Ni ɗan da na haifa mai babbar riga ne. Me ya biyo ka?"

"Ba abin da ya biyo ni, Inna. Motsa jiki ne, likita ce ta ce."

"Likita ta ce ka sa wandon roba ka fita titi kana gudu, ba kare, ba gobara?" Ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi. Inna ta saurara har ya gama, ta gyaɗa kai. "Baki ne. Mutum da girmansa ya baje kansa a titi, kowa ya wuce ya tofa. Ai dole."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu saiwoyi da ɓawon itace. Ta ce in kawo kasko da garwashi. Na ce, "Inna, anya hayaƙi zai yi masa daɗi kuwa?" Ta kalle ni kallon da ya tuna mini cewa ita ta haife shi, ni aro aka ba ni. Na kawo kasko. Ta zaunar da shi a kujera 'yar tsugune, ta zuba maganin a wuta, ta lulluɓe shi da bargo har ƙasa. Bargon ya fara rawa. Daga ciki muna jin tari da salati a haɗe.

Inna ta danne bakin bargon da ƙafa. "Kin ji ko? Fita yake yi."

Da aka yaye shi idanunsa sun yi ja kamar gauta, hawaye da majina sun haɗe. Da ƙyar ya iya cewa, "Na gode, Inna."

Ko wannan bai hana shi fita ba. Bayan kwana biyu muka sake kama hanya, Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi tana cewa Allah ya shirya. Tun a bola na lura tafiyarsa ba daidai ba. Ranar kuma masu babbaka sun samu babban ciniki, hayaƙinsu ya rufe hanya har ba ka ganin na gabanka. Na ce mu koma. Ya girgiza kai. Muna hawa ɗan tudun nan wata tifa ta zo ta wuce mu, ta sake mana nata. Sai na ga ya tsaya. Ya kama ƙarfen fitilar titi da hannu biyu, ya sunkuya, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ba tari yake yi ba. Numfashin ne ya ƙi shiga, ya ƙi fita. Fiton ƙirjinsa har na tsallaken titi zai ji.

"Malam! Malam, yi mini magana!"

Ya ɗago ya kalle ni. Leɓunansa sun canza kala. Ya motsa baki, ba abin da ya fito. A shekarun zamanmu na ga mutumin nan cikin fushi, cikin zazzaɓi, cikin rashin mahaifinsa, amma ban taɓa ganin tsoro a idonsa irin na ranar ba. Na waiga wurin Baba mai faci don ya taimaka, na ga tamfol ɗin a naɗe, ba kowa. Na faɗa tsakiyar titi ina ɗaga hannu kamar mahaukaciya. Wani mai adaidaita ya taka burki, shi da wani fasinja suka cicciɓe shi suka saka a baya. Duk hanya ina riƙe da kansa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

A asibiti aka rufa masa wata roba a hanci da baki, tana fitar da tururin magani. A hankali kafaɗunsa suka sauka, fiton ya ragu. Abin da ya fara faɗa da ya samu baki shi ne, "Ina hulata?"

Likitar nan dai ce ta zo. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta sa aka ɗauki hoton ƙirji. Lokacin Inna ta iso da babbar 'yarmu, ta zauna a bakin gado ta harɗe hannu.

Likita ta ce, "Alhaji, asma ce ta tashi. Ka taɓa yin ta kana yaro?"

Ya ce, "Ni? Ban taɓa ba."

Inna ta ce, "Ƙarya yake. Yana ƙarami in an sa shi ya shiga rumbu ya ɗebo hatsi, haka yake fitowa yana fito. Da ya girma ta bar shi."

Likita ta tambayi me ya canza a rayuwarsa kwanan nan. Ya gyara zama, ya ce ai shawararta ya bi, kullum sai ya yi tafiya. Ta ce ta ina? Kafin ya tsara amsa na karɓe. Na ba ta labarin bola, da janareta, da tayoyin babbaka, da tifa. Da na zo kan yadda yake bin tifa a tudu yana buɗe baki, sai ta ajiye biro ta kalle shi.

"Alhaji, na ce ka yi tafiya. Ban ce ka bi bayan tifa ba."

Ta yi mana bayani a natse. Ta ce a cikin hayaƙin mota da na leda da na taya akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda ba sa tsayawa a hanci, sai sun gangara can cikin huhu. Su sa hanyoyin iska su kumbura, su tsuke, su cika da majina. Mai motsa jiki kuma ya fi kowa kwasa, don numfashinsa mai zurfi ne kuma ta baki yake ja. Ta ce wanda yake da asma a kwance, wannan ne yake tashe ta. Wanda ba shi da ita ma, in ya shekara yana shaƙa, huhunsa zai gaji, zuciyarsa ma ba za ta tsira ba. Ta ce yara da tsofaffi sun fi shan wuya, kuma ba sa ƙarewa a layin ganinta.

Inna ta ce, "To ai abin da na faɗa ke nan. Da ya zauna a gida da ba haka ba."

Ban ce komai game da bargo da kasko ba. Ina son aurena.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza don a ga yadda zai kwana. Da la'asar na kawo masa abinci, ina shiga na ji wani tari daga gadon can ƙurya. Ko a mafarki na ji shi zan gane. Baba mai faci ne, ya rame, an sa masa siririyar roba a hanci tana ba shi iska. Na je na durƙusa na gaishe shi. Maigidan ma ya sauko daga gadonsa ya taho yana jan ƙafa.

Baba ya yi murmushi. "Alhaji, ashe nan ne inda ake samun lafiyar? Ga shi na riga ka zuwa."

"Baba, me suka ce?"

"Sun gwada kakina, sun ce ba tarin fuka ba ne. Wai huhun ne ya tsufa ya riga ni. Yarinyar nan ta tambaye ni ko ina shan taba. Na ce ban taɓa kai ta bakina ba. Ta ce to ai na sha ta titi." Ya tsaya ya huta, don maganar ma wuya take ba shi. "Ta ce in bar bakin titi. Na ce, 'yar nan, taya ba ta fashewa a cikin gona."

Maigidana ya ɗauki kwanon farfesun da na kawo masa ya ajiye a gefen gadon Baba.

Da aka sallame shi ya dawo gida da inhela, wato ɗan abin shaƙawar nan na masu asma, da takunkumin rufe hanci, da kuma sabon wa'azi. Mutumin da yake cewa ganda ta ji wuta, yanzu ko ashana aka ƙyasta sai ya yi jawabi. Bayan sallar la'asar ya tsayar da mazan layinmu a ƙofar masallaci, ya yi musu bayanin ɓurɓushin da ido ba ya gani kamar shi ya gano su. Ni ina leƙe ta tagar soro. Ya ce a daina ƙona bola, a samo mai kura ya riƙa kwashewa yana kai wa inda motar shara take ɗauka. Wani dattijo ya ce tun kaka da kakanni ake ƙona shara. Maigidan ya ce kaka da kakanni ba su da leda. Na ji daɗin wannan amsar, har na ce a raina ashe ban yi asarar aure ba.

Sai maƙwabcinmu na jikin katanga, wani Alhaji mai sayar da kayan gini wanda ba ya yawan magana, ya gyara murya.

"Malam, maganarka gaskiya ce. Amma tunda an zo nan, janaretanka salansarsa tagar ɗakin tsohuwata take kallo. Mun yi shiru ne saboda maƙwabtaka. Motarka kuma in ka tayar da ita da safe, kajina har ɗaki suke gudu."

Aka kwashe da dariya. Laifi tudu ne. Maigidan ya shigo gida ya wuce ni, ya tsaya a bayan ɗaki yana kallon janaretan kamar yau ya fara ganinsa. Katangar maƙwabcin, daidai ƙarƙashin tagar, ta yi baƙi ƙirin. A ranar ya kira yara suka janye shi zuwa ɗaya gefen, inda ba tagar kowa. Ya sa babbar riga ya shiga ya gaida tsohuwar ya ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta ɗauka ma tarin nata na tsufa ne. Motar kuma ya kai ta wurin bakanike, ta yi kwanaki, ta dawo tarinta ya ragu, ko da yake bai warke ba.

Maganar mai kura ta ɗan yi aiki. Wasu gidaje suka shiga, wasu suka ƙi. Har yau akwai safiyar da za ka tashi ka ga wani ya riga kowa ya cinna wa bolar wuta, kuma in ka tambaya duk layin ba wanda ya gani. Masu babbaka kuwa da ya je musu da wa'azinsa, suka saurare shi da ladabi, suka ce in zai riƙa kawo musu itace, su ma ba son warin taya suke yi ba. Babban cikinsu ya ɗaga riga ya nuna masa ƙirjinsa, ya ce shi ma da tari yake kwana.

Ni ma abin ya buɗe mini kunne. Ajina yana kallon titi, kuma da can in yara suna tari sai in ce mura ce take yawo. Na fara lura cewa ranar da aka ƙona takardu da ledar alewa a bayan aji, ranar ce wata yarinya mai asma take kifa kai a tebur ta kasa karatu. Na je na samu shugaban makaranta na yi masa irin jawabin maigidana, amma gajere. Ya yarda a daina ƙonawa yara suna cikin aji. Ban gyara garin Dutse ba, amma yarinyar ta daina kifa kai.

Baba mai faci ya fito daga asibiti ya koma ƙarƙashin tamfol ɗinsa. Maigidan ya kai masa takunkumi, ya karɓa da godiya ya rataya a haɓa, wai in ya rufe baki masu mota ba sa jin abin da yake faɗa. Mukan tsaya a mota mu gaishe shi. Kafin a yanke gero a shekarar ya rasu. Muka je ta'aziyya a wani ɗan gida da yake haya a bayan tasha. A hanyar dawowa muka bi ta shataletale, muka ga har wani ya gaji wurin, yana durƙushe yana cire taya, tifa tana tsaye a kansa injinta a kunne. Maigidan ya rage gudu kamar zai tsaya, sai kuma ya wuce.

Tafiya dai likita ta ce kada ya bari, sai dai ya nemi inda ba mota, kuma kada ya fita ba inhela a aljihu. Haka muka koma bin wani burtali a bayan gari, wajen duwatsu, inda itatuwan dabino suke. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, iska tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A nan in ya ɗaga hannu ya ce in shaƙa, shaƙa nake yi.

Wata safiya muka iske wani manomi yana noma a bakin hanya. Ya miƙe ya dafa fartanya yana kallonmu. Bayan an gaisa ya ce, "Alhaji, ina zuwa haka da iyali?"

"Ba ko'ina. Gumi muke nema."

Manomin ya kalli maigidan, ya kalli gonarsa, ya miƙo masa fartanyar. "Ai ga shi nan a kwance."

Na ce, "Malam, rabonka da fartanya fa tun kana sakandare."

Ya ce, "Ni ɗan manoma ne. Abin a jini yake."

Ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya ya kama kunya. Ya yi ta sara da ƙarfinsa, ƙasa na tashi, yana nishi. Da ya kai tsakiya ya miƙe yana haki, amma haki ne mai tsabta, ba fito a cikinsa. Ya juyo yana jiran yabo. Manomin ya bi kunyar da kallo. Ciyawa tana nan tsaye lafiya lau. Waken da aka shuka a tsakanin geron ne duk yake kwance, saiwa a sama.

Mutumin ya karɓi fartanyarsa a hankali. Ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji. Gobe ma za ku biyo ta nan?"

"In Allah ya yarda."

Ya nuna tsallaken burtalin da haɓa. "To ka fara da waccan. Ta ƙanena ce, ba ma shiri."